Baba Kunne da Waƙar da Muka Kasa Samo wa Inna

Ƙarfe takwas na safe Baba Kunne ke ɗaga ƙofar shagonsa, kuma ba ya zama sai ya bi kantoci da tsumma, kaset bayan kaset, kamar mai shafa kan jikoki. Daga nan ya zaro biro daga aljihu, ba don rubutu ba, don naɗe zaren kaset ɗin da rakoda ta tauna jiya. Shekara talatin da bakwai ke nan yana wannan aiki a lungun da ke tsakanin tela da mai gyaran agogo. Ƙarshen watan nan zai rufe, domin kunnen da ya ba shi suna ya fara nauyi.

Duk wanda ya taɓa shiga shagon ya san halinsa: bai yarda da sunan waƙa ba. Ka faɗi suna, sai ya ce, "Suna ai kowa na iya raɗawa. A ina ka ji ta? Me kake yi lokacin?" Tela ya ce ya sha ganin mutum ya shigo da guntun amo a baki, muryar ma ba daɗi, ya fita rungume da waƙarsa. A da ni ma ina ɗaukar tambayoyin nan surutun tsufa ne, sai da ta zo kaina.

Bara Innarmu ta kwanta ciwo, magana ma ta rage mata. Abu ɗaya ta roƙe mu: mu sa mata "Bar Mini Fitila", waƙar da marigayi babanmu yake so. Muka ce wannan ai mai sauƙi ce. Ƙanwata ta duba a waya, sai ga waƙoƙi biyu da sunan, ba su haɗa komai ba. Ɗaya ta wata mace ce mai jiran mijinta, a sanyaye, mai sa hawaye. Ɗayar ta rawa ce zalla, ganguna kamar za su fasa waya. Ba mu ko yi shawara ba. Tsohuwa a gadon jinya tana begen mijinta, me za ta yi da kiɗan rawa?

Muka sa mata mai sanyin, ta juya fuska bango. Muka bi duk waɗanda suka sake rera ta, har mutum bakwai, kowanne ta ce, "Ba ita ba ce." Yayanmu ya ja ni waje ya ce, "Ka haƙura, hankalin Inna ne ya fara gushewa." Maganar nan ta soke ni. Na ji tsoron ta tafi ba ta ji waƙar ba, mu kuma mu zauna da zaton ruɗewa ta yi.

Haka na je wa Baba Kunne, na zayyana masa komai da ƙarfi saboda kunnen.

"Babanku fa, me yake yi idan tana tashi?" ya tambaya.

"Guga, Baba. Ranar hutu yake goge kayan aikinsa."

"Ƙafarsa a tsaye take ko tana motsi?"

Nan take sai ga babanmu a idona, dutsen guga a hannu, yana buga ƙafa yana fito.

"Fito yake yi!" na ce.

Baba ya yi dariya har da tari. "Ku 'ya'yan zamani, wa ya ce muku bege sai da kuka? Ta rawar take nema. Kuma ba ta asalin ba, a ta asalin babu fito. Wasu samari ne suka sake ta, kaset ɗaya suka yi suka watse."

Ya hau kujera, ni ina riƙe da ƙafarta, ya sauko da wani kaset da rubutunsa ya koɗe. Da ya kunna, sai ya ɗora tafin hannu a kan lasifika don ya tabbatar, tunda kunnen ba ya kawo masa duka. Rakodar ma aro ya ba ni.

Da ganguna suka tashi a ɗakin Inna, ƙanwata ta harare ni. Sai muka ga yatsun ƙafar Inna suna motsi a ƙarƙashin bargo. Da aka zo wurin fiton, ta yi murmushi, ta ce, "Nan babanku yake shigowa da nasa fiton. Kullum sai ya makara." Ta sa aka maimaita sau huɗu. Kwana tara bayan haka Allah ya karɓi abarsa, da hankalinta garau.

Baba Kunne, kai ne ka wanke Innarmu daga zargin 'ya'yanta. Waya ta san suna, kai ka san mutum. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma da ake zuwa wurinku da buƙata, ko wane irin aiki kuke yi, ku ari halinsa: ku tambaya, ku saurara, kafin ku miƙa abin da kuke zato.

Jiya na mayar masa da kaset ɗin. Ya tura mini shi baya, ya ce, "Riƙe, ɗana. Ni yanzu ba na jin fiton, kai kana ji."