Ranar da Na Kwashe Buhunan Yashi

Gidanmu yana cikin wani lungu mai gangare a Ƙofar Durbi. Tun ina yaro ruwan sama ke bin kwatar ƙofar gidanmu ya wuce abinsa, bai taɓa leƙo mana zaure ba. Sai da maƙwabcinmu na gangare, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya sayi mota ya ga ba ta iya haura kwata ta shiga gareji. Ya kira magina suka malala siminti a kan kwatar, suka bar wa ruwa wata 'yar kafa da ko kaza ba ta ratsawa. Daga wannan damina, ruwan lungunmu kaf in ya zo ya iske hanya a toshe, sai ya juyo ya shigo gidanmu.

Ni zaure bai dame ni ba. Ɗakin Inna ne damuwata. Ɗakin ƙasa ne mai rufin soro, nan aka kawo ta tana amarya, nan ta haife mu, nan ta yi jinyar mahaifinmu har Allah ya karɓi abinsa. Ruwan kuwa in ya shigo, gindin bangon ɗakin nan yake zuwa ya kwanta. Bango ya fara zubar da ƙasa, wata tsaga ta taso daga ƙasa tana hawa.

Na sami Alhaji cikin mutunci. Muka gaisa, na tambayi iyali da kasuwa, sannan na faɗa mashi abin da ya kawo ni. Yana jan carbi ya ce, "Malam, ruwa ai na Allah ne. Ni na aiko shi?"

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Dattijo ne mai gaskiya, amma yana da ƙa'ida guda: ba ya yanke hukunci sai ya gani da idonsa. To, kafin ruwa ya ɗauke, a aika mashi, ya nemo takalmi ya tako, ruwan ya tsiyaye ta wannan 'yar kafa, sai laka kawai a tsakar gida. Alhaji ya fito yana murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kwata nan tana aikinta." Sau uku ana haka. A na ukun ne ya ƙara da cewa, a gaban mutane, gidan ƙasa da ma zamaninsa ya wuce, in mun kasa rushewa mu yi na bulo, mu sayar mashi ya faɗaɗa gareji. Ɗakin uwata zai mai da wurin ajiye mota. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Wani abokin aikina mai gona a hanyar Jibiya shi ya sa mani manhajar radar a waya. Taswira ce, tana nuna hadari yana tafiya kamar tabon mai a kan ruwa: kore yayyafi ne, rawaya ruwa sosai, ja kuwa sai a tattara shanya. Hadarinmu daga gabas yake tasowa. Na koyi cewa in jan nan ya baro Daura ya doshi Mashi, ina da isasshen lokacin da zan baro ofis in iso gida. Na cika buhuna da yashi. Da na ga ja, sai in jera su a bakin zaure, in danne da ƙafa, in ɗage tabarmi. Damina guda cur ina wannan bauta, bayana har ya fara ciwo, ruwa kuma bai ƙara kaiwa ɗakin Inna ba sai ɗan tsiyaya.

Ka san abin da Alhaji ya ce? Ya ce wa mai unguwa, "Ka gani ko? Bana shiru. Da ma rigima ce kawai irin ta Malam." Wato wahalata ce ta zama shaidarsa. Nan na ƙudurta cewa sai mutumin nan ya ji ruwan nan a jikinsa, a gaban dattawa.

Dabarar da na yi ba ta da kyau, kuma na sani tun a lokacin. Wata Talata na ga ja ya taso, sai na tsaya a masallaci bayan azahar na ce ina roƙon jama'a su taru a zaurena bayan la'asar a yi wa mahaifinmu addu'a. Ba mai ƙin zuwa addu'ar mamaci. Matata ta soya waina, na sayo goro da dabino. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, Alhaji ya zo. Ina zaune ina cewa amin, idona na kan waya a ƙarƙashin riga. Ina kallo jan nan ya karkace ya yi kudu, ya tafi ya zubar da kansa can wajen Batagarawa. Ko ɗigo ba mu samu ba. Suka cinye wainar tas, Alhaji har da ƙari, suka shafa fatiha suka watse.

Kwana tara bayan nan hadari ya sake tasowa, babba, ja har da duhu a tsakiya, ya miƙo mana sak. Na ce wa liman karatun da aka fara rannan nake so a ƙarasa. Ya dube ni kaɗan, amma ya sanar. Na sa Inna a keke-napep na ce ta je ta duba ƙanwata a Ƙofar Kaura. Na ɗora akwatunanta kan gado. Sannan na kwashe buhunan yashin nan ɗaya bayan ɗaya, na kai su bayan gida na rufe da buhun leda. Matata ta tsaya tana kallona ta ce, "Malam, bangon nan fa ba zai ɗauka ba." Na ce sau ɗaya ne, ya ɗauki wanda ya fi wannan.

Na ba Alhaji wuri mai kyau, kan darduma, daf da ƙofa. Farar shadda ya sa, tana ta ƙamshin turare.

Ana tsakiyar karatu iska ta taso, gari ya yi baƙi, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba mai iya fita. Na ji kwata ta cika, na ji ƙarar ta canza, na san ya juyo. Ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure, baƙi, da ledoji da ruɓaɓɓen tumatir da duk ƙazantar lungu. Alhaji ruwan ya fara taɓawa. Ya zabura ya miƙe, shaddar ta manne mashi a baya, takalmansa suka bi ruwa suka yi cikin gida. Dattawa suka naɗe wanduna, liman ya ɗaga littafi sama. Mai unguwa ya leƙa waje ya ga ruwa yana dukan simintin yana dawowa, ya juyo ya dubi Alhaji.

Na ce, "Alhaji, ga kwata nan tana aikinta."

Ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji a wannan lokaci ban taɓa jin irinsa ba. Shekara biyu ina haɗiye maganar mutumin nan, yau ga shi tsaye cikin ruwan kwata har ƙwauri. Na so a ce ruwan ya ƙara awa guda.

Muna nan tsaye sai muka ji wani gum daga cikin gida, ƙasa ta girgiza. Matata ta yi salati. Na kutsa cikin ruwa na shiga. Bangon gabas na ɗakin Inna ya zauna, soron ya bi shi, azara sun yi cirko-cirko. Gadon, akwatunan, jeren kwanoninta na aure, duk suna ƙarƙashin laka. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi.

Mai unguwa ya yanke hukunci nan take: kafin magariba a fasa simintin. Ban jira magina ba. Na aro guduma na hau shi da kaina, ina duka ina huci, Alhaji na tsaye ba takalmi. Ya matso ya ce zai turo bulo a tayar da ɗakin. Na ce ya riƙe bulonsa. Har yau a bakin titi yake ajiye motarsa, rana na dukanta, kuma duk safiya in na wuce sai na tsaya na gaishe shi da kyau, na tambaye shi ya ya ji da ruwa.

Inna ta dawo washegari da hantsi. Ta tsaya a tsakar gida da mayafinta, ta daɗe tana kallon tulin ƙasar. Ta sunkuya ta zaro murfin kwano guda da ya lanƙwashe, ta goge shi da gefen zane. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, wayar taka ba ta nuna maka ba ne jiya?"

Na ce ta nuna.

"Shi ya sa ka tura ni Ƙofar Kaura."

Na fara gaya mata yadda mai unguwa ya gani da idonsa, yadda aka fasa simintin, yadda ruwa ba zai ƙara shigo mana ba har abada. Ta bari na gama.

Ta ce, "To, ka yi nasara ke nan."

Na ce na yi, Inna.

Ta ce, "Madalla. Ni kuma yau ina zan kwana?"