Ƙusa a Gurbin Fiyus

A bakin tashar motar Potiskum yake zaune, sanye da tsohuwar rigar soja wadda rabin maɓallanta sun zube. Kofur ake ce masa. A gabansa akwai akwatin rediyon wani tsoho, Baba Gimba, an jona shi da batirin babbar mota. Daga Fika tsohon ya kawo shi gyara, don ta rediyon yake sa ran jin ko jirgin alhazan da ya ɗauki 'yarsa ya sauka lafiya.

Kofur yana nuna kayan ciki da tsinke, kamar mai duba fareti. "Baba, wannan mai nauyin shi ke ƙara wa wuta ƙarfi. Gwangwanin nan kuma shi ke tace ta." Ina tsaye a gefe ina saurare, kuma da yake na san aikin rediyo, na ga duk daidai ne. Sai ya zaro fiyus ɗin da ya ƙone, ya harare shi. "Wannan kuwa rago ne. Wuta kaɗan, ya mutu."

Aikin ragon ke nan, ya ƙone shi kaɗai domin sauran su tsira. Kofur ya jefar da shi, ya cusa ƙusa a gurbinsa, ya ce ita ba ta san mutuwa ba. Nan ma gaskiya ya faɗa.

Ina jin shekaru ya yi a ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya, yana dakon irin akwatin nan a ka, kuma babu Baturen da ya ga dacewar ya gaya masa amfanin fiyus. Wuyansa kawai suke bukata.

Kafin in buɗe baki in gargaɗe shi, hayaƙi ya fara tashi daga akwatin. Baba Gimba ya matso da kunnensa, ya ce, "Ɗana, ya kusa magana ko?"