Wanda Ya Haddace Hanyar Maraɗi

Shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare a Jibiya, ko zama wuri ɗaya ba na iyawa. In na zauna in miƙe, in na miƙe in rasa inda zan nufa. Zangon farko na faɗi darussa biyar cikin tara, ni da tun firamare ban taɓa wuce na uku ba. Babana bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ninke takardar ya yi ya ce, "In aka kuma, ka bi Baffanka Magama lodin motoci." Magama ce bakin iyaka, kuma duk yaran da na san sun tafi lodi, babu wanda ya dawo aji.

Abin haushin, wallahi ina karatu. Yadda muka saba a makarantar allo haka nake yi, in tanƙwashe ƙafa ina rangaji, ina rera abin da malam ya rubuta har ya zauna daram. A ƙananan azuzuwa hakan ya fisshe ni, don abin da aka rubuta shi ake tambaya. A aji huɗu sai malamai suka koma juya tambaya, in dubi takarda in ga kamar ban taɓa shiga ajin ba.

Kakata ta wajen uba, Inna Dije, ita ke yi mana tatsuniya. In an sauke tuwo ba ta yarda a kashe murhu, sai ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, jikoki su kewaye ta. Ni ina ganin na girmi tatsuniya, sai in raɓe gefe da littafi ina rerawa, kunnena ɗaya yana wajen manyan motocin da ke wucewa iyaka.

Ran nan ta juyo da wasan da take mini na jika. "Kai maigida, wanga kuka da ka ishe mu da shi, mi yake nuhi?"

Na ce kimiyya ce.

"To hwaɗa mini da Hausa."

Na soma, sai ga ni ina rero mata Turancin littafin. Ƙannena suka kwashe da dariya.

"Aje shi ka matso," in ji ta. "Ga wata nan tahe, mai kunne shi tara."

Wai wani madugu ne ke kai ayari Maraɗi, yana da ɗa mai kaifin ƙwaƙwalwa. Tafiya ɗaya ɗan ya bi ubansa, ya ɗaure hanyar cikin waƙa: in ka ga jaki ɗaure a gindin kuka ka yi dama, in ka iske mai fura a inuwa ka yi hagu, in ka tarar da masu sussuka ka miƙe. Da uban ya kwanta ciwo, ɗan ya ce shi zai ja ayari. Ya rera waƙar tsaf babu tuntuɓe, kowa ya sa albarka, aka kama hanya. Jaki dai an kwance shi. Mai fura ta sayar ta koma gida. Sussuka kuwa an gama tun wancan watan. Ya tsaya tsakiyar daji yana maimaita waƙarsa, ko kalma ɗaya bai manta ba, raƙuma suna durƙushewa don ƙishirwa. Wata tsohuwa mai saran itace ce ta fitar da su. Ita ba ta san waƙa ba, ta dai san hanyar tana karkata ne don ta kauce wa gulbi, kuma mai zuwa Maraɗi rana tana fito masa ta hannun dama.

"Nan ta tsaya," in ji Inna. "Wanda ta taka shi ɗauke ƙafa."

Na tashi fuu na bar wurin, ko gyaɗar ban ci ba.

Washegari ta kafa doka. Ba tatsuniya sai na fara faɗa mata abin da aka koya mana ranar, da Hausa, littafi a rufe. Kai, na sha wuya! Ina fara zuba sai ta katse ni: "Don mi?" Na ce ruwa yana zama tururi. "Don mi? To don mi randata ke sanyaya ruwa, robar uwarka ba ta yi?" Kwana biyu wannan tambayar ta hana ni sukuni, sai da na tare malamin kimiyya a bakin aji na tambaye shi, abin da ban taɓa yi ba don kunya. Ƙannena suka tsane ni, ina cinye musu lokacin tatsuniya. Ni ma sau nawa na yi niyyar guduwa ƙwallo, in tuna Magama in dawo in zauna.

Ran da aka ba da sakamako sai da na kewaya kasuwa sau biyu kafin na iya buɗe takardar. Darasi ɗaya na faɗi, lissafi. Baba ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Lissafin fa?" Bai ƙara ambaton lodi ba.

Na daɗe ina zaton darasin shi ne hadda ba ta da amfani. Ba haka ba ne, har yau da ita nake riƙe da surorina. Abin da Inna ta koya mini shi ne in san don me hanya ta karkata kafin in haddace ta. Amma akwai abin da ban gano ba sai bayan na fara aiki, ita kuma ta tsufa tukuf. Na tambaye ta yadda take gane na yi kuskure, ita da ba ta taɓa shiga boko ba.

Ta yi dariya har da tari. "Yo ni mi na sani? Ko guda ban taɓa ganewa ba. Idonka nike kallo. In ka ɗaga shi sama, rerawa kake. In ka dube ni, ka san abin."

Wata uku ta yi tana sauraron abin da ba ta ji, don kada a cire ni daga makaranta. Dariya kawai na taya ta ranar, kuma har ta rasu ban ce mata na gode ba.