Makokin Yayan Baƙuwarmu

Ina aji uku a kwalejin horar da malamai mata da ke kusa da Zonkwa aka kawo mana baƙuwa daga can kudancin Afirka. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da ake karɓo 'yan makarantar da suka gudo daga mulkin Turawan ƙasarsu, ana rarraba su makarantu. Mu guda ɗaya muka samu, wata gajeruwar siririya mai ɗan haske, gashinta a aske kamar na namiji. Gadonta na ƙarƙashin nawa, shi ya sa ta zama tawa.

Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Da Turanci muke magana, nata kuwa gudu yake yi, sai na kasa kunne sosai. Da safe takan ɗaga wa mutum hannu kawai ta wuce, har 'yan ɗakinmu suka fara cewa girman kai gare ta. Na zaunar da ita na ce a nan ba a gaisuwa a tafe, sai an tsaya an tambayi kwana da gajiya da mutanen gida. Ta ce, "To idan mutum ba shi da labarin mutanen gidan nasa fa?" Na ce lafiya lau za ki ce. Ta gyaɗa kai.

Da hutun Kirsimeti ya matso, kowa na ɗaure akwati, na ji ana cewa ita a makaranta za ta zauna tare da mai dafa abinci. Na aika wa Baba saƙo ta bakin wani direban garinmu, ko zai yarda in zo da ita. Amsar da ta dawo ita ce, wannan ma har abin tambaya ne?

Jirgin ƙasa muka shiga zuwa Kafanchan. A tasha na lura tana ta ɗaga kai tana duba saman ƙofofi da jikin benci. Na tambaye ta me take nema, ta ce rubutun da ke nuna inda baƙar fata za su zauna. Na ce babu. A layin tikiti akwai wani Baturen mishan tsaye bayan wata mata mai kwandon lemo, yana jiran a zo kansa. Ta daɗe tana kallonsu. Daga Kafanchan muka hau motar 'yan kasuwa, muka zauna kan buhunan gishiri har ƙauyenmu da ke gindin dutse.

Mama ta tare mu a bakin zaure. Hausar Mama irin ta mutanenmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta riƙe kafaɗun baƙuwar ta juya ta, ta ce mini, "Wannan yarinya bai da jiki. Ba su ba shi abinci a makarantan?" Tun daga ranar ta sa ta a gaba da gwaten acca da yakuwa. Barkono ne kawai aka rage saboda ita. Tuwon acca da miyar karkashi ya ba ta wahala da farko, miyar na zille mata tsakanin yatsu, ƙannena suna ƙunshe dariya. Kafin Kirsimeti ta iya yanke yauƙin da gefen hannu kamar kowa.

Amma wadda ta fi shaƙuwa da ita Kaka ce, mahaifiyar Baba. Kaka ta tsufa ƙwarai, ta ranƙwafa, kullum lofe na bakinta ko da babu wuta a ciki. Yarenmu kaɗai take ji, Hausarta ba ta wuce ta cinikin gishiri ba. Lokacin aikin citta ne. Maza su tono, mu wanke a rafi, mata su zauna a inuwar mangwaro suna tsagawa da wuƙa, sai a kai kan dutse a shanya. Kaka ta jawo baƙuwar kusa da ita, ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake bin tsawon cittar da wuƙa don ta rabu biyu daidai. Da yamma yatsunta suka ɗauki zafi, ta rasa inda za ta sa su. Kaka ta ɗauko manja ta shafa mata, tana yi mata faɗa da yare. Ita kuma ta riƙa ba ta amsa da nata yaren, mai wani sauti kamar ana ƙyasta harshe. Haka suke wuni, kowa na faɗin tasa, su yi dariya tare. Na taɓa tambayarta me suke cewa, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Ranar Kirsimeti ta bi mu majami'a cikin zanen Mama. Kiɗan tulu da kacau-kacau na matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, ya burge ta, har ta tashi ta shiga layin masu kai baiko, wato sadakar majami'a, tana taka rawa. Bayan haka ba da jimawa ba, wata safiya aka kai wa Kaka kunu aka tarar ta cika a cikin barci.

An yi kuka da safen. Fasto ya zo aka yi sujada, wato taron addu'a, aka binne ta a bayan gida kusa da mijinta. Baƙuwar tana gefena duk tsawon lokacin, fuskarta a ɗaure, idonta a bushe. Da rana ta karkata dangi suka cika gidan daga ƙauyukan kewaye, masu ganga da masu ƙaho suka iso. A wurinmu idan tsoho ya ga jikoki da tattaɓa-kunne kafin ya tafi, rawa ake yi masa. Matar yayana ta shiga ɗakin Kaka ta ɗauro zanenta, ta ɗauki sandarta, ta sa lofen a baki, ta fito a ranƙwafe tana korar kaji tana zaginsu da muryar Kaka sak. Wuri ya kaure da dariya, har Baba, wanda idonsa ke ja tun safe. Mu jikoki muka bi ta a baya muna rawa.

Na yi zagaye biyu ko uku kafin na lura ƙawata ba ta wurin. Na same ta bayan rumbu a tsugune, ta toshe kunnuwa.

Ta ce, "Me ta yi muku? Ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba kuna yi mata ba'a."

Na ce, "Ba ba'a ba ce. Ta ci shekarunta ne, ta bar mu da yawa. Godiya muke yi."

"Ni ban taɓa ganin an yi dariya a wurin mutuwa ba."

Ina neman yadda zan ƙara bayani sai ga Mama, ta zo ɗibar hatsi. Ta dube mu, ta ajiye ƙwarya, ta ce in tambaye ta ko a garinsu ba a yi wa tsofaffi rawa. Na juya wa ƙawata maganar da Turanci. Ta ce ba ta sani ba, don duk jana'izar da ta je a shekarar da ta bar gida ta yara ce, sa'o'inta, kuma 'yan sanda na tsaye da karnuka a bakin maƙabarta. Daga nan maganar ta ɓalle mata. Yayanta, wanda take bi, an harbe shi a kan titi yana cikin kayan makaranta. Ana nemanta ita ma, don haka aka tsallakar da ita iyaka kafin a ba da gawarsa. Ba ta ga inda aka sa shi ba. Wata huɗu muna kwana gado ɗaya a saman ɗaya, ban taɓa jin wannan ba.

Na mayar wa Mama da yare. Mama ba ta ce wayyo ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Wa ya zauna da shi?"

Nufinta, wa ya zauna da ƙawata zaman makoki. Na tambaye ta. Ta ce babu kowa, a hanya take.

Mama ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan.

Sai da baƙin Kaka suka watse, wata safiya Mama ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ɗaura wa ƙawata baƙin ɗankwali, ta zaunar da ita, ta ce in zauna a gefenta in yi mata tafinta. Ashe ta riga ta bi gida-gida. Matan zumunta suka fara shigowa, wata da tulun kunu, wata da ƙunshin itace, wata da 'yar acca a ƙwarya. Kowace ta durƙusa a gabanta ta ce, "Sannu da haƙuri, 'yata. Ubangiji ya ta'azantar da ke." Sai ta koma gefe ta miƙe ƙafa ta yi shiru. Maza suka zauna a waje tare da Baba. Ba ganga, ba ƙaho. Ƙawata ta raɗa mini, ina masu kiɗan? Na ce ba a yi wa saurayi kiɗa.

Fasto ya zo da littafinsa. Kafin ya yi addu'a ya tambayi sunan mamacin. Ta faɗa. Ya gwada, harshensa ya kasa fitar da sautin nan nasu. Ta sake faɗa a hankali, ya sake gwadawa, matan suka taya shi, kowa na maimaita sunan yadda bakinsa ya iya. A nan ne kukan ya zo mata. Ta kifa kai a cinyar Mama ta yi ta yi, irin kukan da ke fitowa daga ciki. Ba wanda ya ce ta yi shiru. Wata tsohuwa da ta rasa ɗanta a yaƙin basasa ta matso ta riƙe mata ƙafa, ita ma tana nata.

Da ƙawata ta lafa, ta ce tana so ta yi waƙar da ake yi a majami'arsu idan an yi rashi. Ta fara da murya ƙasa-ƙasa. Ba mu san kalmomin ba, amma matan suka kama muryar suka riƙa binta da baki a rufe har ta kai ƙarshe.

Da aka tashi makokin, Mama ta cire mata baƙin ɗankwalin, ta dafa mata ruwa ta yi wanka. Washegari ta miƙa mata tulu ta ce ta bi mu rafi, kuma kada ta daɗe, akwai daka. A baya ko tsintsiya ta ɗauka sai Mama ta karɓe. Ƙawata ta karɓi tulun da hannu biyu.

Duk hutun da ya biyo baya a gidanmu ta yi shi, har ta iya Hausa irin ta Mama. Da muka gama kwaleji aka ba ta gurbin karatu a wata ƙasa, ta tafi. Mun ɗan ji daga gare ta a farko, daga baya labari ya yanke. Ban san ko ta koma gida ba, ko ta samu kabarin. Mama kuwa, har ta tsufa, duk lokacin da rediyon Baba ya ambaci ƙasar, sai ta tsayar da abin da take yi ta ce mu yi shiru, ta tambaya me suka ce game da garin 'yarta.