Sunan Alƙasum a Saman Jeri

"Wai yarinyar nan ce ke zama ɗaki mai sanyi?"

"Ita hwa. Sanyin na na'ura ne, ita tana lasa."

"To, tsohon sakatare fa?"

"Yana baranda, zuhwa na wanke shi."

Alƙasum, tsohon sakataren, ya ji 'yan uwansa ma'aikata sarai ta tagar biro, wato ofis, bai ɗaga kai ba.

Mutumin Kalfu ne. Farin saba'in da uku ya cinye awakin ubansa, ya shigo Tawa da tabarma ɗaya, ya koyi keken rubutu wurin wani Badamagare mai rubuta wa mutane takardu a bakin kasuwa. Shekara goma sha biyu, duk wata takarda ta ofishin agajin hatsi ta hannunsa take fita.

A tamanin da shida aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, uwa ɗaya da tebura huɗu, kowa yana tura mata aiki daga nasa. Aka ɗauko Rakiya, wadda ta yi kwas na wata uku kacal a Yamai, aka ba ta tsaronta. Aikinta kallon gilashi: jerin ayyukan da ke gudana, sunan mai kowane aiki, da yawan ƙarfin na'urar da yake ci. Wanda ya fi ci shi ke sama. In wani aiki ya shaƙe ta, Rakiya ta kashe shi.

Wata uku! Abin ya ɓata wa Alƙasum rai. Kullum da safe dirakta zai tsaya bayan Rakiya, ya dubi jerin, ya gyaɗa kai. Sunan Sule mai taswira ne a sama, na Alƙasum can ƙasa. Zamanin soja ne kuwa, ziyarar bazata ɗaya ta isa a sallami malalaci. Alƙasum ya yanke a ransa cewa na sama shi ne gwarzon aiki, kuma yarinyar ce ke danne shi.

Wata Laraba aka ba shi tsara sunayen ƙauyukan Takanamat, don kamiyoyi, manyan motocin hatsi, su tashi kafin azahar. Ya tura aikin. Ya sake turawa. Sai da ya tura sau bakwai, ya naɗe hannu yana murmushi.

Na'ura ta fara jan ƙafa. Injin buga takarda ya yi tsit. Direbobi suka cika baranda suna mita.

Rakiya ta fito da sauri, ta rusuna kusa da shi.

"Baba Alƙasum, mi ka yi mata?"

"Aiki na yi. Ko kin ga sunana ya hau, ya yi miki ciwo?"

"Ya hau ƙwarai, har sau bakwai! Baba, wanda ya hau sama shi ke cinye rabon kowa. Shi dirakta ke duba, don ya san mai shaƙe na'ura."

"To, gyaɗa kan da yake yi?"

"Murna ce, in ya ga ba wanda ya wuce ƙima."

Aka ji motar dirakta ta tsaya bakin ƙofa, direbobi suka nufe ta. Alƙasum ya miƙe, ya bi Rakiya har ɗakin da ya rantse ba zai taka ba. Ga sunansa nan jere, reras.

"Ɗiyata," ya ce, murya ƙasa ƙasa, "don Allah kashe shiddan nan kahin ya shigo, ki bar mini guda."