Wasan Laitar Da Ya Ci Wa Ƙawata Shekara Guda

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina bin wannan shafi ina karanta abin da mutane ke fitarwa daga cikinsu, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba. A yanzu ni matar aure ce a Wamakko, da 'ya'yana biyu da sana'ata, kuma alhamdu lillahi hankalina kwance yake. Amma lokacin da abin nan ya faru ina 'yar shekara goma sha takwas a gidanmu na Mabera, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Ni ce auta, ni kaɗai na rage a gaban Inna. Babanmu direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Inna kuwa sana'arta turaren wuta da humra, kuma hannunta na da kyau, har daga wasu unguwanni ake aiko mata da aikin amare. Ni ke hura mata gawayi, ni ke kunna kasko idan masu saye sun zo gwaji, shi ya sa kullum ba a rasa laita a hannuna, irin ta roba mai arha da ake yarwa idan ta ƙare. Ni yarinya ce mai surutu da son a yaba mini. Ban da mugunta, amma idan aka tafa mini sau ɗaya sai na nemi na biyu.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan su babbar ƙawata. Iyayenta Kiristoci ne daga Filato, babanta malamin lissafi ne, duk unguwa Ticha ake ce masa, mamanta kuma tela ce. Ita a Sakkwato aka haife ta, in tana magana ba ka cewa ba 'yar gari ba ce. Tare muka tashi. Ranar Sallah a ɗakin Inna take wuni, ranar Kirsimeti kuwa tun da hantsi kwanon shinkafarsu ke shigowa gidanmu. Halinmu ne kawai ya bambanta. Ita mai sanyi ce, ba ta da buri sai na zama nas. A shekarar ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, saura intabiyu kawai.

Yayana ne ya ba ni tsohuwar wayarsa, a nan na fara ganin bidiyon samari suna wasa da wuta. Wani ya tara iskar laita a dunƙulen hannunsa, ya kyasta, ya buɗe tafin sai ga wuta tana ci kamar tsafi. Na gwada a bayan ɗaki, ta ɗan lashe mini gashin hannu, ban ji wani zafi ba. Na ɗauka a waya na ɗora. Kafin magariba 'yan ajinmu sun cika ni da saƙo, wannan ta ce ni jaruma ce, wancan ya ce in ƙara. Daga nan kullum sai na nemo sabon salo, har na kai ga fesa turaren gwangwani a kan harshen laita, wuta ta yi tsalle ta miƙe kamar tsawon hannu. Sau ɗaya Inna ta kama ni, ta ce in ta sake gani za ta karɓe wayar ta jefa a rijiya. Na rantse mata na daina. Ƙawata ma ba ta son abin, duk lokacin da na nuna mata sai ta kau da kai ta ce wata rana zan ƙone girata.

Ranar wata Laraba ce bayan azahar, saura kwana biyar intabiyunta. Ta shigo nuna mini sabon kitson da aka yi mata, irin na ƙarin gashin roba, dogo har gadon baya. Tun safe babu wutar lantarki, gari ya yi zafi. Inna ta bar kasko a kusurwar ɗaki tana gwada wani haɗi na wata amarya, ta fita madafa. Ni kuwa dama ina neman wanda zai riƙe mini laita, don ina son in fesa daga nesa wutar ta fi tsawo. Na roƙe ta ta ƙi. Na yi ta naci, na ce sau ɗaya ne, na ce in dai ni ƙawarta ce ta yi mini wannan. Ta gaji ta karɓa. Na jingina waya a taga, ta miƙa hannu ta kyasta tana runtse ido, na danna turaren. A daidai wannan lokacin aka kawo wuta. Fankar tsaye da ke bayana, wadda aka bari a kunne tun safe, ta tashi da ƙarfinta, ta kwashi harshen wutar ta watsa mata a gefen fuska.

Ban taɓa sanin haka gashin roba ke ci ba. Kafin in ajiye gwangwanin ya kama daga kunne zuwa kafaɗa, yana narkewa yana ɗiga a wuyanta. Ta yi ƙara ta nufi ƙofa. Na kai hannu na cafko kitson ina ja, robar ta manne mini a tafi. Inna ce ta shigo da gudu, ta fizgi bargon da ke kan gado ta lulluɓe mata kai ta danne har wutar ta mutu. Matan maƙwabta suka cika gidan, wata na cewa a fasa ƙwai, wata na cewa a shafa man goge baki, wata ta tafi ɗebo gishiri. Ƙawata, da ke durƙushe, ita ce ta ce kada a sa mata komai, ruwa kawai za a yi ta zubawa. A littattafan da take karantawa ta gani. Haka aka yi ta kwarara mana ruwan randa ni da ita har aka samo keke napep.

Abin da ya fi damuna har yau ba wutar ba ce, abin da na yi bayanta ne. Muna jiran keken Inna ta juyo ta tambaye ni, "Ke, mi ya faru? Mi kunka yi?" Kafin nan na riga na shure laitar ƙarƙashin gado. Na buɗe baki na ce sunkuyawa ta yi za ta shinshina turaren, kitsonta ya faɗa cikin kasko. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. Ƙawata ta ɗago ta dube ni ta cikin ruwan da ke zuba a fuskarta, ba ta ƙaryata ni ba.

Allah ya tsare idonta, amma kunnenta na hagu da wuya da kafaɗa sun ƙone sosai. Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti, ranar intabiyu tana kwance an naɗe ta da bandeji. Ticha ya je makarantar ya yi bayani, aka ba shi haƙuri aka ce sai wata shekara. Nawa hannun sati biyu ya warke. Inna kuwa ta ɗauki laifin duka ta aza a kanta. Kullum da safe sai ta dama kunu ta dafa abinci ta kai asibiti, ta zauna gaban maman ƙawata tana ba ta haƙuri, tana cewa ita ce babba, ita ta bar garwashi a ɗaki ta fita. Ta mayar wa amaryar nan da kayanta ta ce ba za ta iya ba. Abinci ya daina shiga cikinta, hawan jininta ya tashi. A unguwa kuma aka fara ƙananan maganganu, wai son kuɗi ya sa ta mayar da ɗakin kwana wurin sana'a. Duk ina ji, ina gani, na yi shiru. Na daina ɗora komai a waya, ina ce wa kaina ai na tuba, abin ya wuce.

Wata rana a asibiti mamanta ta fita karɓo magani, muka rage mu biyu. Tun ranar da abin ya faru ba mu yi maganar ba. Ina ɓare mata lemo ina ta surutun banza don kada a yi shiru, sai ta ce, "Ni ban faɗa ma kowa ba, kuma ba ni faɗi. Ni na karɓi laitar da hannuna. Amma ki dubi Inna yadda ta koma." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ajiye wuƙar na fita waje na yi kuka, amma ko a ranar ban iya faɗa ba. Tsoro nake ji. Ina tsoron Baba, ina tsoron idon Ticha, ina tsoron a ce 'yar auta ta ƙona ɗiyar mutane saboda bidiyo.

Sai da aka ƙara sati uku. Na dawo daga aike na tarar Inna ta baje kayan sana'arta a tabarma, itacen sandal da farce da gajiji da kwalaben humra, tana ɗaurewa a buhu. Ta ce ƙanwarta ta Gidan Dare za ta aika wa, ita ta bar turare har abada. Sana'ar da ta gada wurin kakarmu, wadda ta fi shekara ashirin tana yi. Na tsaya ina kallonta tana ɗaure bakin buhun, sai na ji ba zan iya ba kuma. Na shiga ɗaki na ɗauko wayar, don bidiyon na nan, na kasa gogewa kuma na kasa kallo. Na durƙusa na miƙa mata. Ta kalla tun daga inda ƙawata ta kyasta laitar har zuwa ƙarar. Na zaci duka zan sha. Sai kawai ta ce, "Ɗauko mayafinki."

Da hannu ta ja ni har falon Ticha, ta ce in faɗa musu abin da na nuna mata. Na faɗa duka, ban rage ba. Maman ƙawata ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ticha ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce tun a asibiti ya ga babban yatsan 'yarsa ya ƙone ta ciki, ya san kasko ba ya yin haka, amma ya ga yarinyar ba ta son magana sai ya bar wa Allah. Ya ce ciwon 'yarsa ya dame shi, amma ganin Inna tana durƙusa musu kullum a kan laifin da ba nata ba ya fi ci masa rai. Ya ce yafiya ba a hannunsa take ba, in je wurin mai ciwon. Na juya wurin ƙawata, ta ce ita ta daɗe da yafewa, jira kawai take in dawo hankalina.

Ba a rana ɗaya komai ya gyaru ba. Baba da ya dawo ya karɓe wayar, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Maman ƙawata ta fi wata biyu ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Inna ta ce tunda ni na ci wa yarinya shekara, to shekarar tawa ce ni ma. Kullum da safe nake shiga gidansu, in taya ƙawata shafa magani inda hannunta ba ya kaiwa, in riƙe littafi ina yi mata tambayoyi tana amsawa. Har na haddace sunayen ƙasusuwan jikin mutum ban shirya ba. Ranar da mamanta ta miƙo mini kwanon abinci ta ce in ci kafin in tafi, a ranar na san an karɓe ni. Inna ma a hankali ta kwance buhunta ta koma aiki, ta koya mini haɗin da nake ci da shi yau. Da shekara ta zagayo ƙawata ta shiga intabiyu ta samu. Yanzu nas ce a cikin garin Sakkwato, ta yi aure, tabon na nan daga bayan kunne zuwa kafaɗa, ba ta ma ɓoye shi. Da na ce mata zan rubuto wannan wasiƙa dariya ta yi, ta ce in rubuta amma kada in sa mutane su ji tausayinta, in gaya musu tana lafiya har ta yi ƙiba.

Na gode wa Allah da abin ya tsaya inda ya tsaya, don tsakanin kunne da ido ba nisa. Abin da na koya shi ne, duk sau nawa ka yi wasa da wuta ka tsira, ba iyawarka ba ce, ba a kawo wutar fanka ba ne kawai. Na kuma koyi cewa ƙaryar da ka yi don ka tsira ba ɓacewa take yi ba, wani ne ke ɗaukar ta, kuma yawanci wanda ya fi ƙaunarka ne. Iyaye, laitar da ke yawo a madafa da kan taga ba ƙaramin abu ba ce, ku riƙa duba abin da yaranku ke kallo da abin da suke ɗorawa. In tsautsayi ya faru a zuba ruwa a tafi asibiti, a bar ƙwai da gishiri. Ku kuma ƙannena, mata da maza, in ma kun ƙi ji don kanku, kada ku miƙa wa wani laita ku ce in yana son ku ya riƙe. Mutanen da suke rubuto mini in ƙara sun fi a ƙirga, amma kwana goma sha ɗaya muka yi muna zarya asibiti, ban ga ko ɗaya daga cikinsu a bakin gadon ba.