Ɗakin Inna da Faɗin Lungu

Shekarar da ciwon gwiwa ya tsananta wa mahaifiyata, na yi niyyar ƙara mata ɗaki mai banɗaki a ciki, a gidana da ke sabuwar unguwa bayan Kwanar Dangora. Tsallaka tsakar gida da damina ya zame mata aiki, har ta taɓa zamewa da buta a hannu. Fili kuwa babu, sai dai a tura katanga ta ɗan ci lungun da ke gefenmu.

Ni mutum ne mai son jin dalilin abu, har matata kan ce da tambaya noma ce da tuni mun cika rumbu. Na je sakatariya neman ƙa'ida. Ma'aikacin ya yi mini bayanin tazarar da ake bari daga titi da magudanar ruwa, na biya kuɗin izini ina ƙunƙuni, don siminti ma a lokacin kullum da sabon farashi yake wayar gari. Zancen lungu kuwa, ya ce in je mu daidaita da mutanen unguwa.

Magini ya kafa turaku ya ja igiya ke nan, sai ga mai unguwa. Bayan mun gaisa ya ce igiyar ta shigo da yawa. Na tambaye shi ƙafa nawa ake bari, wa kuma ya kafa dokar. Ya ce shi bai san ƙafa ba, abin da ya taso ya tarar shi ne da makara ake auna lungu.

Na ɗauka zance ne. Bayan la'asar aka ɗauko makarar masallaci, maza suka saɓa ta a kafaɗa babu kowa a ciki, suka shiga lungun, ni kuma ina biye don in ga ƙarshen wannan awo. A miƙe dai sun wuce lafiya. Da aka zo kwana, na baya ya yi tuntuɓe da turke, makarar ta karkace. Nan na gane abin da mai unguwa yake nufi. Duk da haka raina ya ɓaci, don in aka ja igiyar baya banɗakin ya tafi, shi ne kuwa dalilin ginin. Na shiga kawo hujja, ai ana iya ɗaga ta sama, ai ana iya zagayawa ta baya.

Ashe Inna ta dafa bango ta fito zaure tana kallo. Ta gaisa da mai unguwa, sannan ta yafito ni, ta ce a hankali:

"Ja igiyarka baya. Tsakar gida zan tsallaka ta ko da rarrafe ne. Amma ranar da za a fita da ni, ba na so a karkata ni a kwana."

Magini na tsaye yana jiran in yi magana. Na sunkuya na tuge turken da hannuna.